Shishar Aljihun Da Ta Raba Ni Da Garinmu

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ni bakaniken babur ne, shekaruna sun ɗan haura talatin, ina da mata da ɗiya biyu. Muna zaune a wani ƙauye gaba da Damari, a ƙasar Sabuwa. Wurin aikina gindin wata bishiyar darbejiya ne a bakin hanya, da akwatin ƙarfe da benci ɗaya. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wannan takarda wani malamin firamare da muke haya gida ɗaya yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na ce masa kada ya gyara mini magana ta yi daɗi, kuma kada ya sa sunan kowa.

Sai na fara da dajin, don in ba haka ba sauran ba za a gane shi ba. 'Yan bindiga sun ɗauke mu mu uku a gona lokacin girbin masara. Na yi wata biyu da 'yan kwanaki a hannunsu. Biyun da aka ɗauke mu tare ba su dawo ba, ni na dawo. Dalilin ba wani abu ba ne, sun gane ina gyaran babur, sai suka ajiye ni ina yi musu. In na tayar da babur ɗin da ya mutu, sai a jefo mini karan sigari ɗaya. A nan na koyi shan taba. Abin da na gani a can ba zan faɗa ba, ban faɗa wa matata ba ma. Da 'yan'uwana suka haɗa abin da suka haɗa, aka sake ni a bakin wani rafi, na tako da ƙafa har gida.

An yi mini barka kwana uku. Bayan nan sai kallo ya canza. Ba wanda ya ce mini komai a fuska, amma in na iso majalisa sai hira ta koma ta ruwan sama da tsadar taki. Tambayar da ke ransu na san ta: me ya sa shi ya dawo, su ba su dawo ba, kuma me ya yi musu alkawari? A wajenmu ba kalmar da ta kai infoma muni, wato ɗan gari mai kai wa mutanen daji labari. Wanda aka liƙa wa ita ba ya kwana biyu. Mutum ɗaya ne ya tsaya mini, surukina, mahaifin matata. Dattijo ne, Alhaji, ba ya da yawan dukiya amma in ya yi magana ana saurare. Shi ya fara turo babur ɗinsa gindin darbejiyar nan da rana tsaka, ya zauna a bencina har na gama, don kowa ya gani. Washegari mutum biyu suka kawo nasu. A haka aiki ya dawo. Zamana a garin nan a bakin Alhaji yake rataye, kuma na san haka.

Tabar ce ba ta bar ni ba. Ina shan kwali a yini, wani lokaci fiye. Ba daɗi nake ji ba, ba na jin komai ma a lokacin, ita ce kawai take sa hannuna ya tsaya wuri ɗaya. Da matata ta samu ciki na uku, warin ya zama in na shigo ɗaki sai ta fita da gudu ta yi amai. Maganar ta kai ga Alhaji. Ya aiko aka kira ni zaurensa. A wajenmu suruki ba abokin hira ba ne, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka haɗa ido da shi. Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Ya ce shi bai tambaye ni abin da ya faru a daji ba kuma ba zai tambaya ba, amma wannan abin da na kwaso daga can, yana so in ajiye shi. Ya ce mutane suna ganin hayaƙin a bakina suna tuna inda na koyo shi. Ya tambaye ni ko zan iya. Da na ce masa zan gwada, da an wuce wurin. Sai na ce wallahi, Baba, daga yau ba ni ba taba. Ya ce ya ji, Allah ya yi mini albarka.

Na yi kwana tara ban sha ba. A rana ta tara ina ɗaure filogi sifana ta faɗi daga hannuna sau uku, mai babur yana kallona. Ranar kasuwar Ƙanƙara na tafi sayen kayan gyara. A tasha wani direba da na sani ya gan ni ina ta cizon goro kamar zan haɗiye haƙorana, ya yi dariya, ya ce Injiniya, kai ma ka shiga sahun masu tuba ke nan. Ya zaro wani abu daga aljihu kamar biro mai kauri, ya ce in ja. Na ja. Ƙamshin mangwaro ya cika mini baki, can kuma sai na ji abin nan da nake nema ya sauka a ƙirjina, hannuna ya tsaya. Ya ce sunanta shishar aljihu, ba ganye, ba ashana, ba toka, ruwa ne kawai da batir. Na ce a raina, ai ni a kan taba na rantse. Wannan ba taba ba ce. Ban yi wata doguwar shawara da zuciyata ba, na san amsar da nake so na ba kaina ita.

Wata biyu ina shan irin wannan ƙaramar. Ana sha ne ta ƙare a yar. A makewayi nake sha, hayaƙinta kaɗan ne, kafin in fito ya baje. Matsalarta ɗaya, ba ta kai mini kwana biyar, kuma ba a samunta sai Ƙanƙara ko Funtuwa. Hanyar nan kuwa ba a binta don wasa, duk fita sai ka yi sallama da iyalinka kamar ba za ka dawo ba. Sai direban nan ya ce mini akwai manya, waɗanda ake zuba wa ruwa a yi musu caji, a yi shekara ana sha. Ya kwatanta mini wani shagon kayan waya a Ƙanƙara, ya ce mai shagon yana kawo su daga Kano, amma ba ya baje su a fili, sai an tambaya.

Mai shagon sa'ana ne, mai faɗin baki da son wasa. Ya rufe ƙofar gilashi, ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin tebur, ya jera mini iri uku. Ta farko siririya ce kamar ɗan yatsa, baƙa, ba madanni ko ɗaya, ja kawai ake yi. Ya ce hayaƙinta kaɗan ne, tana ɓuya a tafin hannu, amma kullum sai an yi mata caji. Ta biyu ta ɗan fi ta kauri, madanni ɗaya, tana kai yini biyu. Ta uku kuwa akwati ce sosai, cike da hannu, da nauyi, da gilashi a gaba mai nuna lambobi, da madannai uku, da wani dogon baki a sama. Ya buɗe bayanta ya nuna mini batir biyu manya da ake cirewa. Ya kwance saman ya nuna mini tankin da ake zuba ruwan, da ɗan ƙarfen ciki mai ƙona shi, ya ce sunansa koyil, in ya ƙone a canza wani. Da na ji tanki, na ji koyil, na ji batir, sai na karɓa na juya ta a hannuna. Ya ce ai ya ga alama Injiniya ya ga 'yar'uwarsa, wannan babur ce, taya kawai ta rasa.

Gaskiya ban zarge shi ba, don ya faɗa mini. Ya ce wanda ya fito daga 'yar ƙaramar nan, siririyar ce daidai da shi, ko ta tsakiya. Ya ce babbar ta 'yan gayu ce masu son tara hayaƙi a ɗauke su hoto, kuma sai wanda ya iya karanta lambobin ya san inda zai tsayar da ita. Sai ya tambaye ni daga ina nake. Da na faɗa masa sunan ƙauyenmu, dariyar ta ɗauke. Ya miƙo hannu zai karɓa, ya ce Malam, don Allah kada ka kai wannan can. Ya ce shi kansa in ya ɗauko su daga Kano, a kowane shinge sai ya yi bayani, wani ma'aikaci har kunne ya taɓa kanga ta yana cewa oba-oba ce, irin rediyon nan da ake magana da ita. Na ce masa garinmu ba wuta, caji sai a shagon mai janareta, in na kai siririyar caji kullum gari zai sani cikin kwana biyu. Babbar kuwa zan cire batir in yi musu caji da batirin babur a wurin aikina, ba mai gani. In ta lalace in kwance in gyara. Ya ce to ka ji, kai ka san garinku. Ya saita mini lambar, ya ce kada in taɓa ƙananan madannan nan biyu, babban kawai zan danna in ja. Ya haɗa mini da kwalba biyu na ruwan mangwaro.

Dalilan da na ba shi gaskiya ne, amma akwai wanda ban faɗa ba. A daji, wanda ke riƙe da abu mai nauyi a hannu shi ke magana, saura su yi shiru. Wata biyu hannuna ba komai sai sifanar wasu. Da na riƙe akwatin nan, na danna, gilashin ya kawo haske, sai na ji abu ne nawa da ke bin umarnina. Wauta ce, amma ita ce ta sa na zaɓe ta.

Ranar farko na gane kuskurena, ban dai yarda ba. Na shiga makewayi na ja sau ɗaya, hayaƙi ya tashi ya haura katanga kamar an cinna wa tsohuwar taya wuta. Maƙwabciyarmu ta ɗaga murya tana tambayar matata ko wani abu ya kama. Na ce bari in rage ta, na danna ƙananan madannan da aka hana ni, lambobi suka yi ta gudu, ban san sama suke yi ko ƙasa ba. Da na sake ja, hayaƙin ya ninka, maƙogwarona ya yi kamar an zuba barkono. Ban iya mayar da ita inda take ba. Ba wanda zan nuna wa ya karanta mini, don nunawar ita ce tonon asirin. Gida ya gagara, wurin aiki bakin hanya ne. Sai na samo wuri a bayan gari, bayan gonakin ƙarshe, inda wani dutse yake a bakin kwazazzabo. Dawa ta yi tsawo a lokacin. In na zauna a gindin dutsen, bayana yana ga gari, fuskata tana ga daji. Nakan je da hantsi, in koma bayan la'asar, daga baya har sau uku a yini, don abin ya fi sigari kama ni. Sigari yana ƙarewa ka yar da guntun. Wannan ba ta ƙarewa, sai ka gaji.

Ban tsaya na ga kaina yadda mai wucewa zai gan ni ba. Mutumin da ya yi wata biyu a hannun 'yan bindiga ya dawo shi kaɗai, kullum yana sulalewa bayan gari, ya waiga dama da hagu, ya zauna yana fuskantar daji, ya zaro baƙin akwati mai dogon baki, ya danna, ya kai bakinsa. Bayan nan kuma farin hayaƙi ya tashi sama. Kuma dutsen nan, nan ne inda mutane ke hawa in suna neman layin waya. Duk wannan na san shi. Kaina ne ba ya haɗa abu biyu a lokacin.

Matata ta riga kowa ganewa. Ta ga abin a aljihun rigata tana wanki. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni mene ne, na faɗa mata. Ta ce to tun da ba taba ba ce, me ya hana in je in nuna wa Baba. Ta ce ko in nuna masa, ko in jefa ta a masai, ɗaya daga ciki, kuma in yi da wuri. Ta ce kwana biyun nan in ta je rijiya mata suna yin shiru, wata har ta janye ɗiyarta daga kusa da tamu. Ta ce ita ba ta san me ake cewa ba, amma ta san ana cewa. Na ce mata zan duba. Ta ce kullum zan duba, ko ranar da aka zo ɗaukar gawata ma cewa zan yi zan duba. Na sa rigata na fita, na tafi gindin dutsen.

Bayan mako biyu aka tare mutanenmu huɗu a hanyar dawowa daga kasuwar Mairuwa. Sun sayar da shanu, kuma ba kowa ya san ranar da za su dawo ba. An kashe ɗaya, an tafi da uku. Washegari da hantsi ina kwance kabireta sai ga 'yan sa-kan garinmu, su shida. Duk na san su, babbansu ma ban taɓa karɓar ko sisinsa a gyaran babur ba. Bai yi mini sallama ba. Suka kifar da akwatin ƙarfena, suka ga batir biyu a haɗe da waya a jikin batirin babur, an rufe da tsumma. Suka laluba aljihuna suka zaro ta. Ba su tambaye ni komai ba a nan. Biyu suka danne ni, aka ɗora hannuna na dama a kan injin da nake gyara, babban ya sauke gindin bindiga a kai. Sau nawa, ban ƙirga ba. Na ji ƙarar ƙashin, zafin bai zo ba sai daga baya. Ban yi ihu ba. Daga baya aka ce rashin ihun ma alama ce, wai an horar da ni a can.

Suka ja ni zuwa ƙofar gidan dagaci. Kafin mu isa gari ya taru. An zaunar da ni a ƙasa a tsakiya. Babban 'yan sa-kan ya ɗaga abin sama kowa ya gani, ya ce ga wayar da ake sayar da mu da ita. Ya danna madannin, gilashin ya kawo haske, ta yi ɗan huci kamar yadda take yi. Mutanen gaba suka ja da baya. Ya kanga ta a kunne, ya ce ku ji, tana neman layi. Mutum uku suka ba da shaida, duk manoma masu gona a wajen dutsen. Ɗaya ya ce ya gan ni ina magana a cikinta. Ɗaya ya ce in na gama magana sai in tayar da hayaƙi, alama ce ga na cikin daji. Ba ƙarya suka yi ba, abin da idonsu ya gani suka faɗa. Wani daga baya ya ce me ake jira.

Sai ga Alhaji, yana dogara sanda. Aka buɗe masa hanya, aka shimfiɗa masa tabarma kusa da dagaci, ya cire takalmi ya zauna. Ya ce shi bai san wannan ƙarfe ba, bai taɓa ganin irinsa ba, amma ya san mutumin da ke zaune a ƙasa. Ya ce yaron nan ya rantse masa a zaurensa zai bar taba, kuma tun ranar ba wanda ya sake ganin kara a bakinsa. Ya ce duk wanda ya taɓa shan taba a cikinku ya san abin da wannan ke nufi. Mutumin da ya iya riƙe wannan rantsuwa ba zai ci amanar gari ba, shi ya tsaya masa, in an same shi da laifi a haɗa da shi. Dagaci ya juyo ya ce to kai, faɗa mana, mene ne wannan.

Na yi shiru. Mutane suna ganin taurin kai ne, ni kuwa lissafi nake. In na yi shiru za a kashe ni kafin azahar, Alhaji ya tafi da yardarsa a kaina. In na yi magana zan rayu, in kunyata shi a gaban garin da ya gama yi wa rantsuwa a kaina. Wallahi na ɗan jima ban san wanda na fi so ba. Wani mutum da ya taɓa aikin gadi a Abuja ne ya matso, ya leƙa, ya ce kamar ya taɓa ganin irinta a hannun 'ya'yan maigidansa, in ita ce, ba magana ake yi da ita ba, sha ake yi. Ya ce a ba ni in sha a gani. Aka ajiye ta a gabana. Na tuna cikin matata. Na ɗauka da hannun hagu, na danna, na ja, na busa. Hayaƙi ya rufe fuskar dagaci, ƙamshin mangwaro ya cika wurin. Wani ya fashe da dariya, saura suka bi. Na ji ana cewa infoman mangwaro, wani yana cewa a ba liman ya ɗana. Alhaji bai yi dariya ba. Ya tambayi mutumin Abujan ko abin nan yana yin abin da taba ke yi. Ya ce Alhaji, ai ita ce, wando kawai ta canza. Alhaji ya sa takalminsa, ya ɗauki sandarsa, ya tafi. Bai dube ni ba.

An sake ni. Ba wanda ya ce in yi haƙuri. Babban 'yan sa-kan ya ce a gaban kowa, wanda ya iya ɓoye wannan wata uku a cikin gari zai iya ɓoye wani abin, wannan dai an gane ta, saura wadda ba a gani ba. Dagaci ya riƙe abin a wurinsa. Mai ɗori ya ɗaure mini hannu, yatsu biyu ba su koma daidai ba, har yau ba sa lanƙwashewa. Da na iya tashi na je gaida Alhaji. Na yi sallama sau uku a ƙofar zaure, ya amsa daga ciki, bai ce in shigo ba. Na aika wan matata ya ce masa ni a kan taba na rantse, wannan ruwa ne. Ya dawo mini da amsa cewa Alhaji ya ce shi bai tambaye ni ganye ne ko ruwa ba. Ya ce ya sa bakinsa a gaban jama'a a kan maganata, na bar shi ya sa, ina zaune ina ji. Ya ce ba zai raba ni da ɗiyarsa ba, amma daga yau kada wanda ya sake zuwa tambayarsa a kaina, bai san ni ba.

Daga nan ba wanda ya sake turo babur gindin darbejiya. Ko da an kawo, hannun ba zai iya ba. Ina zama a bencin daga safe zuwa la'asar, mutane su wuce ta ɗaya gefen hanya. Ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Bayan wata guda aka kore shanun wani a bayan gari, ta wajen dutsen. Da asuba bayan an fito masallaci mutumin Abujan nan ya tsaya kusa da ni kamar yana gyara takalmi, ya ce in ina da inda zan je, in je yau, an yi magana jiya kuma wannan karon ba dattijon da zai zo da sanda ya tsaya mini. Na shiga gida na faɗa wa matata. Cikinta ya tsufa, ba ta iya hanyar. Na ɗauki riga biyu na hau bayan babur ɗin wani baƙo zuwa Ƙanƙara. Ta haihu bayan kwana ashirin, namiji. An raɗa masa suna ba ni nan. Sai da ta yi arba'in wanta ya kawo mini su. Alhaji ya rasu da damina ta zagayo. Labarin ya iso ni bayan kwana uku, an riga an rufe shi. Na tambayi wan matata ko ya ambace ni kafin ya cika. Ya ce a'a.

Yanzu faci nake yi a bakin wata tasha, shi ne aikin da yatsu takwas ke iya yi. Na koma sigari bayan na zo nan, na ɗan jima ina sha. Wani ma'aikacin asibiti da nake yi wa faci ya ce mini abin da ke kama mutum a taba shi ne a cikin ruwan nan, wani ma ya fi ƙarfi, wanda ya koma can bai bar komai ba, wuri kawai ya canza. Yau wata bakwai ban sha ko ɗaya ba. Ban rantse wa kowa ba wannan karon. In abin ya taso sai in faɗa wa matata ya taso, ta miƙo mini goro, mu zauna har ya wuce. Wani lokaci ba ya wucewa da wuri.

Abin da na gane ba shi da yawa. Mai shagon ya jera mini uku, na tsaya ina auna batir da tanki da wadda za ta fi daɗewa. Ban auna garin da zan kai ta ba, ban auna ko ni wane ne a idon mutanen garin ba. Abin da ɗan birni zai riƙe a bakin titi ba mai kallonsa, a wajenmu zai iya zama ajalin mutum. Kuma ko siririyar na ɗauka, ƙaryar tana nan, ranar tonuwarta ce kawai za ta yi nisa. Ga samarin da nake gani yanzu a tasha suna miƙa wa juna waɗannan abubuwa, suna gardamar wadda ta fi hayaƙi, ina ce muku in ba ku fara ba kada ku fara, ba ta raba kowa da taba. In kuna da wanda ya tsaya muku, kada ku rantse masa a kan abin da ba ku da tabbas, ku ce za ku gwada, in kun faɗi ku je ku faɗa masa da bakinku tun yana iya jin haushi ya huce. 'Yan sa-kai kuma, na san abin da kuke tsaro, na fi ku saninsa, amma ku riƙa tambaya kafin ku ɗaga hannu. Wanda kuma yake tsaye a gaban tebur yanzu yana zaɓe, ya tambayi kansa abu ɗaya: zai iya fito da ita a gaban mutanen gidansu ya faɗi sunanta? In ba zai iya ba, ya ajiye ta ya fita. Ni ban ajiye ba, kuma mutumin da ya kamata in nemi gafararsa yana cikin ƙasa a garin da ba ni da ikon shiga. Wassalam.